Zamiyar ƙanƙara ta mutum biyu: ni da uwargida muna son farawa, wa ya taɓa yi?

Baban Ummi, Ottawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mazauna ƙasashen sanyi. Tambaya gare ni, kuma na fi son amsar wanda ya taɓa ɗaura takalmin ƙanƙara a ƙafarsa. Shin mutum da matarsa, waɗanda duk sun haura arba'in, kuma sai da girmansu suka koyi zamiya, za su iya shiga wasan nan na mutum biyu, wanda namiji ke ɗaga mace yana juyi da ita? Ba gasa muke nema ba, jin daɗi ne da motsa jini.

Ga matakin da muke. Saboda yara muka fara. Duk wanda ya zauna a Ottawa, babban birnin Kanada, ya san in hunturu ya kankama, ko dai ka fita ka yi wani abu da ƙanƙarar nan, ko ka ƙare watanni a ɗaka kana leƙen taga. Mukan kai su Ummi filin ƙanƙara, mu tsaya bakin katanga muna rawar ɗari har su gama. Daga baya muka ba da sunanmu a ajin manya na CanSkate, shirin koyon zamiya na Kanada, a wani kulob kusa da unguwarmu, kowa da hular kwanonsa. Yanzu muna tafiya gaba da baya, muna tsayawa ba sai mun kama katanga ba, muna gicciya ƙafa a kwana. Gicciyen baya ita ta iya shi ta kowane ɓangare, ni ɓangare ɗaya ne ya zauna min. Ta fi ni iya juyi nesa ba kusa ba, ni kuma na fi ta ƙarfin turi.

In sanyi ya yi yadda ake so, muna zuwa mashigin ruwan Rideau, wanda yake daskarewa ya zama hanyar zamiya mai tsawon kilomita 7.8, mu riƙe hannu tun daga tsakiyar gari har Dows Lake. A can abin ya fara shiga raina. Akwai wani ɗan lokaci, ba kullum yake zuwa ba, da ƙafarmu ke sauka tare, turina da nata su haɗu, sai in ji nauyinta ya ɓace daga hannuna gaba ɗaya. Ba na jan ta, ba ta ja na, ga shi gudun ya ƙaru ba tare da wani ya ƙara ƙarfi ba. Ba ya daɗewa, nan da nan wani zai taka tsagar ƙanƙara abin ya watse. Amma wannan ɗan lokacin nake nema, kuma ina son in koyi yadda ake kiran shi ya zo, ba sai ya ga dama ba. A hunturun 2023 da ba a buɗe Rideau ba ko kwana ɗaya saboda sanyi bai isa ba, na yi kewarsa ƙwarai.

Ita uwargida abin da ya tayar mata da tsimi daban ne. A watan Maris na 2024 muka kalli gasar duniya da aka yi a Montreal, inda Deanna Stellato-Dudek da Maxime Deschamps suka ci wa Kanada zinare, ita tana da shekara 40. Tunda ta ji cewa matar nan ta bar wasan tana 'yar shekara 17, ta yi wajen shekara 16 ba ta cikinsa sannan ta dawo, shi ke nan magana ta zauna a gidanmu. Ni ma ba na ɓoyewa, ina so.

Inda muka tsaya shi ne:

Lokacin da ake buɗe fili ga kowa da kowa, an hana tsalle, an hana juyi a tsakiya, ɗaga mutum kuwa ba a ma maganarsa. Riƙon hannu kawai aka yarda da shi. Lokacin 'yan kulob kuma yara ne ke cika filin, 'yan shekara goma zuwa sha biyar, suna tsalle ta ko'ina, mutum biyu manya a haɗe ba su da wurin wucewa.

Na biyu, jikinmu. Masu wasan nan da muke gani a talabijin, matan ƙanana ne, mazan kuma ƙarti. Ni da ita tsawonmu ya kusa zuwa ɗaya, ban fi ta da ko tafin hannu ba, kuma haihuwa uku ta yi. Ban san ko akwai ɗagawar da za ta yiwu mana ba.

Na uku, mai koyarwa. Wadda take koya mana yanzu ta ce ita wasan mutum ɗaya ta yi, ba za ta ɗauki nauyin koyar da ɗagawa ba, na kuma ga girmanta da ta faɗi haka. Sannan mu muna son mace ce za ta riƙa gyara wa uwargida tsayuwa, don aikin ba ya yiwuwa sai da taɓa kafaɗa da ƙugu.

Wanda ya san hanya ya nuna mana, Allah ya saka da alheri.

Maman Sadiq, Montreal

Wa alaikumus salam Baban Ummi, a gaishe min da Maman Ummi da kyau. Ina cikin Bell Centre, filin da aka yi gasar, ranar da Deanna ta ci, don haka na san abin da ta ji. Amma ku cire matar nan daga lissafinku. Tun tana ƙarama take kan ƙanƙara, har azurfa ta ci a gasar matasa ta duniya a 2000. Jikin da ya koyi tsalle yana ɗan shekara bakwai bai manta ba, tashinsa kawai ta yi. Mu da muka fara da furfura hanyarmu daban.

Ni da maigida mun daɗe muna yi, kuma shawarata ita ce ku fara da rawar ƙanƙara. Mutane da yawa suna haɗa su, alhali fanni biyu ne. A wasan mutum biyu ne ake ɗaga mace sama da kai, a wurga ta ta yi juyi a iska ta sauka da ƙafa ɗaya, a yi tsalle kafaɗa da kafaɗa. A rawa ba wurgi, ba manyan tsalle, aikin duk a ƙafa yake da bin kiɗa, kuna manne da juna. Abin nan da ka siffanta a Rideau, na ɓacewar nauyi, a rawa ake koyar da shi tun ranar farko.

Rawar farko da za a ba ku ita ce Dutch Waltz. Duk takunta gaba ne, ba inda za ka juya baya, shi ya sa ake fara ta. Za a tsayar da ku a riƙon Kilian: ita tana damanka, dukanku kuna kallon gaba, hannunka na dama ya zagaya bayanta ya sauka a ƙashin ƙugunta tare da nata hannun, hagunta kuma ta miƙo ta gaban ƙirjinka ka riƙe da hagunka. Da ka ji bayanin za ka ce mai sauƙi ne. Sai kun shiga kwana za ku gane. Ƙarfen takalmin nan kaifi biyu gare shi, na ciki da na waje, da ɗan kwarmi a tsakani, kuma duk tafiya mai kyau lanƙwasa ce a kan kaifi ɗaya. To in mutum biyu suka lanƙwasa tare, wanda yake ta waje tafiyarsa ta fi tsawo. Dole ya ƙara turi kaɗan, na ciki ya ɗan rage, a kwana ta gaba kuma su musanya. In ba a yi haka ba ƙugu ya rabu da ƙugu, hannu ya miƙe, a fara ja-in-ja. Ni lugude yake tuna min, mata biyu a turmi ɗaya: ba ƙarfin damtse ke sa ya yi daɗi ba, kowace ta san lokacin da taɓaryar 'yar'uwarta za ta tashi, kuma ba kallon ta take ba, a jikinta take ji.

Yanzu ga abin da ba wanda ya gaya mana kafin mu fara, kuma na fi son ka ji shi fiye da komai. Wasan nan yana gwada aure. In kai kaɗai ne ka yi tuntuɓe, ka san naka ne. In ku biyu ne, kowa a jikinsa ji yake ɗayan ne ya ja shi, kuma sau da yawa kowa gaskiyarsa yake faɗa, don kuskuren da ka ji yanzu an haife shi ne taku biyu da suka wuce. Na ga ma'aurata Turawa da suka zo da fara'a suka bar filin kowa a motarsa. Kocinmu ta kafa mana doka: a kan ƙanƙara ba mai gyara wa wani. Kana da ƙorafi, ka gaya mata, ita ta duba ta yanke. Ga namijin Bahaushe wanda ya saba shi ke nuna hanya, wannan yana da nauyi, musamman tunda ka ce ta fi ka juyi. Akwai ranar da za a ce maka ita ke daidai, a gaban mutane. Ka shirya wa ranar tun yanzu. Maigidana ya ɗauka da kyau, kuma wallahi ya ƙara min ganin girmansa.

Maganar koci mace, masu koyar da rawa mata suna da yawa, ba za ku sha wahalar samu ba. Abin da za ku faɗa tun farko shi ne kai ba za ka riƙe wata mace ba sai ita, ita ma ba za ta riƙe wani namiji ba sai kai. Al'adarsu ce koci ya kama ɗalibi ya zagaya da shi don ya ji yadda takun yake, haka ma a jarrabawar rawa. Mu mun yi bayani sau ɗaya cikin mutunci, ba a sake tayar da zancen ba. Tana nuna wa maigida takunsa a gefe, ni kuma ta riƙe ni ta yi min na namiji.

Ki ji nan Maman Ummi, in kina karantawa: hijabi mai shiga kai ɗaya, marar fil, a cusa gefensa cikin riga. Mayafi mai jela kada ki kuskura, yana iya naɗe hannunsa ko ya rufe miki ido a juyi. Wando mai kauri, riga mai sauka rabin cinya, kada ta kai gwiwa ta kama ƙarfe. Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi gasar ƙasa da ƙasa da hijabinta, ba baƙon abu ba ne yanzu a filayen nan.

Ɗan Kurna, Kano

Salam Kawu. Ni ban taɓa ganin filin ƙanƙara da idona ba, amma ina yin zamiya da takalmi mai taya, mu ne muke fita da sassafe ranar Lahadi kafin titi ya cika. Ina karanta bayanin Anti na wanda ke waje ya ƙara turi, sai na ga ai mu ma haka muke yi in mun jeru mun riƙe hannu za mu sha shataletale. Tambayata, in mutum ya iya na taya sosai, in ya samu zuwa can zai iya na ƙanƙara kai tsaye? Kuma akwai na mutum biyu a taya? Ƙanwata tana so ta koya, Baba ya ce sai dai in ni zan riƙe ta, kuma a cikin gida ko filin makaranta, ba a titi ba.

Malam na Munich

Ɗan Kurna, bari in fara da kai. Akwai shi, da ɗagawa da komai, kuma a Italiya da Sifaniya da Ajantina wasa ne babba mai gasar duniya. Wanda ya iya taya yana saurin kama ƙanƙara, don daidaiton jiki da gicciyen ƙafa duk ya riga ya samu. Tara Lipinski da ta ci zinaren Olamfik a 1998 da taya ta fara. Abin da zai ba ka wahala tsayawa ce, da haƙoran da ke gaban ƙarfen, waɗanda in ka manta da su za su kafe a ƙanƙara su kifar da kai. Ka bi maganar Baba, ku nemi siminti mai santsi, ka sa mata abin kare gwiwa da wuyan hannu.

Malam Baban Ummi, na yarda da Maman Sadiq cewa ku fara da rawa, amma ban yarda ku tsaya a nan ba in ranku na son ɗayan. Abin da kuke so akwai shi, an ma tsara shi don irinku. Garin Oberstdorf da ke kudancin Jamus, tafiyar 'yan sa'o'i ce a jirgin ƙasa daga nan, kuma tun 2005 hukumar wasan ta duniya, ISU, take shirya gasar manya a can kusan duk shekara wajen watan Mayu. Na je kallo. Za ka ga masu shekara hamsin da sittin, miji da mata da furfurarsu, wasu matan ma sun fi mazan jiki. A rukunin ƙasa na mutum biyu ba a ma yarda a ɗaga mace sama da kai ba. Don haka batun tsawonku kada ya hana ka barci.

Ɗagawa hawa-hawa ce. Ta farko a hammata ake kamawa, ta biyu a ƙugu, sai a ci gaba har a kai wadda hannu da hannu ne kawai, tana can sama. Biyun farko su ne namu. Kuma ga abin da mai kallo ba ya gani: ba namiji ne yake ɗaukar mace ba yadda ake ɗaukar kaya. Ita take tsalle, ta kafe hannuwanta, ta ɗaure ciki da baya, ta riƙe nauyin kanta. Shi kuma ya durƙusa ya shiga ƙarƙashinta daidai lokacin da take tashi, ya miƙe da cinya, ba da damtse ba. In lokacin ya yi daidai, mace mai jiki sai ka ji ta ba nauyi. In ya saɓa da ƙiftawar ido, ko 'yar siririya ce sai ta gagare ka. Ni da matata a ƙasa muka daɗe muna yi, da takalmin gudu a kan tabarmar motsa jiki, kafin koci ya bari mu gwada a kan ƙanƙara, shi ma yana biye da mu hannu a miƙe.

Aikin da ke gabanka kai ne, ba ita ba. Mai ɗagawa yana juyawa ne yana tafiya, daga gaba zuwa baya, daga baya zuwa gaba, ba ya kallon ƙafarsa, ga mutum a hannunsa. Ka ce gicciyen baya ɓangare ɗaya ya zauna maka. To har sai ya zauna ta ko'ina, har sai ka iya sauya fuska kana hira ba ka san ka yi ba, kada ƙafarta ta bar ƙanƙara a hannunka. Koci na gari da kansa zai gaya maka haka.

Ku kuma duba wani abu tun yanzu: ta wane ɓangare kowannenku yake juyi? Yawancin mutane hagu suke yi. In ɗayanku dama yake yi, ba matsala ba ce, Kristi Yamaguchi da Rudy Galindo haka suke, kowa da ɓangarensa, kuma sun ci gasar Amurka a 1989 da 1990. Sai dai koci yana bukatar ya sani don ya tsara muku yadda ba za ku yi karo ba.

Abin da na fi so a wasan gaba ɗaya ba ɗagawa ba ce. Wanda ake kira zagayen mutuwa ne, inda namiji ke kafa haƙorin takalmi ɗaya a ƙanƙara ya zama turke, ya riƙe ta da hannu ɗaya, ita ta kwanta baya tana zagaya shi kanta na kusan shafar ƙasa. Mu ƙaramin muke yi, ba ta kwantawa sosai, tana kan kaifi ɗaya tana zagaya ni. Amma ko a haka, jan da kake ji a hannunka, ka san in ka saki ta tafi, ita ma ta sani kuma ta jingina duk da haka, ban san wani wasa da ke ba da wannan ba.

In kuna son abin koyi, ku nemi tsofaffin hotunan bidiyo na Ludmila Belousova da Oleg Protopopov. Miji da mata ne 'yan Tarayyar Sobiyat, sun ci zinaren Olamfik a 1964 da 1968. Ita sai da ta kai shekara 16 ta fara zamiya, wanda a wasan nan an makara ke nan. Sun koma Suwizalan a 1979, kuma har sun haura saba'in suna fitowa wasan nuni tare. Ku kalli na tsufan, ba na ƙuruciyar ba. Ba tsalle, ba gudu, amma ƙafa huɗu kamar ta mutum ɗaya. Ga masu cewa wasan ba na baƙar fata ba ne kuma, Robin Szolkowy na nan Jamus, wanda mahaifinsa ɗan Tanzaniya ne, sau biyar ya ci gasar duniya tare da Aliona Savchenko.

Hajiya mai gashin ƙashi, Sheffield

Ƙanena, ni ba na zamiya, jikokina ke yi. Amma aikina ke nan shekara da shekaru, waɗanda suka faɗi su nake gani, don haka ka saurare ni.

Faɗuwar mutum biyu ba irin ta mutum ɗaya ba ce. In kai kaɗai ne, jikinka ya san zai faɗi, hannu ya fita, ka karkata ka sauka a cinya. In kuna riƙe da juna hannuwanku ba naku ba ne, kuma wanda aka ja ba ya samun sanarwa. Shi ya sa kai da haɓa da kafaɗa suke shan wahala. Ga kuma ƙarfe huɗu masu kaifi a wuri ɗaya. Wannan bai bar ƙwararru ba. Tatiana Totmianina ta faɗo daga ɗagawa a Pittsburgh a 2004 ta bugu a ka har ta suma, a gaban jama'a. Jessica Dubé ta ƙasarku, a 2007 ƙarfen abokin wasanta ya yanke ta a fuska suna juyi kusa da juna. Elena Berezhnaya a 1996 irin wannan juyin ne ƙarfe ya shige ta a ka, sai da ta sake koyon magana. Dukansu sun dawo sun ci gaba, amma yara ne a lokacin, da likitoci a kansu. Ƙashin mace mai haihuwa uku da ta haura arba'in ba ya ɗinkewa da wannan saurin. Ga mu baƙar fata a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi rabin shekara, ƙarancin bitamin D ya yi mana yawa. Ta je a auna mata jini kafin ku fara, kai ma haka.

Ban ce kada ku yi ba. Motsa jikin da miji da mata za su yi tare su ɗore a kai ya fi wanda za a rubuta musu a takarda su ajiye. Amma hular kwano kada ku cire ta don an ce kun wuce matakin da ake tilastawa. Ku sa wando mai soso a ƙugu da gindin baya. Safar hannu mai kauri kullum. Ku koyi sakin juna: koci ya koya muku faɗuwa tare da gangan, a hankali, har hannu ya saba buɗewa. Namiji yakan ƙanƙame matarsa don ya cece ta, sai ya faɗo mata a kai.

Kai kuma bayanka da kafaɗarka. Wata biyu ko uku kafin ɗagawar farko ka fara durƙuso da nauyi, da atisayen ciki. In ka taɓa ciwon baya mai sauka ƙafa, ko hawan jini da ba a daidaita ba, ka ga likitanka tukuna. Kuma ƙarshen darasi, lokacin da cinya ta fara rawa, ba lokacin cewa a ƙara ɗaya ba ne. Yawancin waɗanda ake kawo min, a wannan ƙarin suka samu rauni.

Baban Ummi, Ottawa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun zauna ni da uwargida mun karanta duka bayan yara sun kwanta, ta ce in gaya wa Maman Sadiq ta karɓi saƙon hijabi, kuma dokar nan ta kada wani ya gyara wa wani tana so a rubuta a manna a firij. Na amince.

Ga inda aka kwana. Kocinmu ta haɗa mu da wata ƙawarta da ta yi rawar ƙanƙara a ƙuruciyarta, kuma ta taɓa wasan mutum biyu kaɗan. Mun yi mata bayanin riƙo yadda Maman Sadiq ta ce, ta ce ba komai, ta taɓa koyar da wasu ma'aurata 'yan Labanan a haka. Ranar farko ba ta ba mu wata rawa ba. Ta sa mu riƙon Kilian, ta ce mu zagaya fili muna turi kawai, tana tafa hannu tana ƙirga uku-uku. Sai ta tsayar da mu ta kai mu inda muka wuce ta nuna mana sawunmu a ƙanƙara, don motar Zamboni ba ta daɗe da share filin ba, komai ya fito fes. Layi biyu ne, nawa da nata. A miƙe suna tafiya tare, tazararsu ɗaya. Da an shiga kwana sai nawa ya yanke ya matso ciki, nata ya buɗe waje, tsakaninsu ya yi faɗi har ya kusa kamu biyu, sannan su dawo. Ta ce ranar da layukan nan suka bi juna tun daga farkon kwana har ƙarshenta, ranar za mu fara maganar Dutch Waltz. Ɗagawa kuwa ta ce sai baɗi in Allah ya kai mu, kuma a ƙasa za a fara, kamar yadda Malam ya faɗa. Mun duba juyi, dukanmu hagu muke yi.

Hajiya babba, an ji. Mun sayi wandon soso, an ba mu ranar awon jini, hula kuma tana nan daram.

Abin da ya rage shi ne lokaci da kuɗi. Lokacin da filin yake da sarari har mutum biyu su wuce a haɗe, kuma kuɗinsa da dama-dama, shi ne na ƙarfe shida na safe a ranakun aiki. A tsakiyar hunturu nan Ottawa asuba tana kaiwa wajen wannan lokacin, ga shirya yara makaranta. Yanzu muna yin salla a ɗakin sauya kaya kafin mu ɗaura takalmi, babbar 'yarmu kuma ta tashi ƙannenta. Yana yiwuwa sau ɗaya a mako, fiye da haka zai takura gida. Kuɗin kuma kashi uku ne, na fili daban, na koci daban, ga wasa ƙarfe lokaci-lokaci na takalma biyu.

Maman Sadiq, ku a Montreal yaya kuke yi da wannan? Akwai kulob ɗin da ke ware wa manya masu rawa lokacinsu da yamma, ko ku ma sammakon kuke yi? Malam na Munich kuma, takalmin da muke da shi na masu koyo ne, mai laushin wuya. Sai mun sauya kafin mu fara ɗagawar hammata, ko zai kai mu shekara guda a haka?